Gwangwanin Goggo Dudu

Ni ne mai yankan tikiti a kasuwar Dukku,
shekara tara jakar ƙaramar hukuma na rataye a kafaɗata.
In na doso rumfa sai hira ta mutu
kamar an watsa wa murhu ruwa.
Mai albasa ya ba ni ƙeya,
mai gishiri ya rantse ko sisi bai gani ba.

Goggo Dudu ce kaɗai ba ta ɓuya.
Takan kwance bakin zane, ta ƙirgo hamsin,
ta ce, "Ba ni takardata, ɗan nan."
Ta ninke ta biyu, ta tura a gwangwanin madara
da ke ƙarƙashin faifan daddawa.
Ba ta yi boko ba, ta dai san launin tawada.

Na taɓa tambayarta me take tarawa.
Ta ce, "Bashi nake bin wani,
fuskarsa ce ban gani ba tukuna."

Kwalbatin hanyar asibiti ya karye
tun daminar da aka haifi jikarta,
ga yarinya yau har ta yi wushirya.
An zo an auna, an koma, an dawo an auna,
har yara sun haddace tsawon igiyar.
An kafa allo da sunan ɗan kwangila,
awaki suka sha inuwarsa,
gara ta ci ƙafarsa.

Sai bana, bayan babbar sallah,
Kansila Gidado ya zo a kan babur, shi kaɗai,
ya zauna a bencin mahauta,
ya buɗe littafi mai baƙin bango.
Ya ce, ga abin da kasuwa ta tara,
ga na masu shara, ga na mai gadi,
ga kuma wanda ban san inda ya shiga ba.

Nan aka yi tsit.
Kunnenmu bai saba jin "ban sani ba"
daga bakin mai hula mai tsada ba.

Goggo ta miƙe, gwiwa na ƙara,
ta zazzage gwangwani a gabansa.
Takardu suka zubo kamar ganyen zogale a tabarma,
wasu sun sha mai, wasu sun koɗe,
duk suna warin daddawa.
Ta ce, "Ƙirga nawa, ka gwada da naka.
In sun zo ɗaya, sai mu gaisa."

Aka ƙirga har la'asar sakaliya.
Ba su zo ɗaya ba.
Lamba goma sha bakwai babu su a littafi,
kuma hannun da ke jikinsu
na san shi kamar yadda na san hanyar gidanmu.

Ba wanda ya kalle ni.
Wannan ya fi zagi zafi.
Na tashi, bakina kamar na tauna gero ɗanye,
na ce, "Ni ne."
Na ce, "Watan da albashi ya maƙale ne."
Goggo ta ce, "Ban tambaye ka wata ba."

Na biya, da kaɗan-kaɗan, a gaban shaidu.

Yanzu akwai baƙin allo a ƙofar kasuwa,
duk ran kasuwa ɗan makaranta ke rubuta shi da alli:
abin da ya shigo, abin da ya fita.
An zuba kankare a rabin kwalbati,
ɗaya rabin yana jiran kaka.
Mai albasa ya fara juyowa, amma da gefen ido.
Mai gishiri ya biya sau biyu, ya tsallake sau ɗaya.

Jiya na ga Goggo da sabon gwangwani.
Na ce, "Ashe har yau ba ki yarda da mu ba?"
Ta danna murfi da tafin hannu,
ta ƙara mini daddawa biyu gyara,
ta ce, "Na fara.
Shi ya sa na sayi babba."